Abin da Nerlande Ta Gaya wa Ɗan Sanda

Nerlande Saintil ta kama haya a gidanmu ne a lokacin kaka, ita da 'yarta Sabine da akwatuna biyu. Ni ina zaune a hawa na biyu, aka ba ta na uku, ɗakunan da ke ƙarƙashin rufi, masu zafi da bazara da sanyi da hunturu. Gidan katako ne, irin tsofaffin nan da suka cika unguwarmu a Brockton, nan Amurka, don haka tun kafin in san halinta na san lokacin tashinta da na kwanciyarta.

'Yar Jeremie ce, can ƙuryar kudancin Haiti, ni kuma daga Gonaives na fito, shi ya sa tun ranar farko muka fara musu a kan mutanen wa suka fi iya dafa shinkafa da wake. A cocinmu kowace mace Sè ce, wato 'yar'uwa. Ni Sè Altagras, ita Sè Nerlande, ko da yake na girme ta nesa ba kusa ba.

Uwarta busasshen kifi take sayarwa. Nerlande kuwa ta koyi ɗinki, ta yi shi a babban birni har zama ya gagara, ta tafi Chile ta yi wanke-wanke a gidan abinci. A can mijinta ya rasu, ciwon huhu. Daga nan ta ɗauko Sabine ta biyo doguwar hanyar nan da mutanenmu suka sani, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa. Ba ta taɓa ba ni labarin hanyar ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne takardar zamanta ta wucin gadi ce, irin wadda ake sabuntawa, kuma mai irin wannan takarda ba ya son sunansa ya shiga bakin hukuma ko da a kan alheri ne. Titi ma ba ta tsallakawa sai fitila ta ba ta hannu, ko da babu mota ko ɗaya.

Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu. Wani kamfani ne yake tura ta, kuma bayan ta zaga gidaje kaɗan aka tsayar da ita a gidan Mista Gerard Kinsella. Tsohon direban bas ne, ya haura tamanin, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya Maureen tana aure a wani gari, sai ƙarshen mako take leƙowa. Ƙafafunsa sun yi rauni amma bakinsa garau. Ya ce harshensa ba zai iya juya sunan Nerlande ba, ya sa mata Nelly. Ita kuma ta sa masa Mista Jeri. Tana yi masa wanka, tana ba shi magani, tana yi masa aski, kuma kullum rigimarsu a kan abu ɗaya ce, ƙofar ɗakin ƙasa. A can injin ɗumama gida yake, shi kuwa ya yi imani duk duniya babu wanda ya san kan injin nan sai shi. Matakalar siririya ce, a miƙe take kamar tsani. Likita ya hana shi, Maureen ta hana shi.

"Tsohon nan sai ya ga bayana," in ji ta wata rana tana cire takalma a ƙofata. "Da na juya baya sai in gan shi ya ɗauki sanda yana sanɗa kamar ɓarawon kaji."

Tana faɗa tana dariya. Tana ƙaunarsa, shi ma haka.

Ranar Asabar da safe mukan tafi ajin Turanci na manya a ɗakin karatu na gari. Ni na daɗe a ƙasar, na yi shekaru a kicin ɗin makarantar firamare, bakina yana yi, rubutu ne ya gagare ni. Ita kuwa daga tushe ta fara. Malamarmu Misis Donna Medeiros ce, gajeriya mai furfura, wadda kakanninta ma baƙi ne a garin, kuma ba ta taɓa yi wa kowa dariya a kan kuskure ba.

A ƙarshen hunturun shekarar ta kawo mu kan darasin aikin da ake cikin yi a baya. Ta ja dogon layi mai lanƙwasa a allo, sannan ta sare shi da gajeren layi a tsakiya.

"Aiki biyu ne," in ji ta. "Ɗaya dogo, yana cikin tafiya. Ɗaya gajere, ya faɗo masa a tsakiya. Dogon shi ke ɗaukar was a gaba, da ing a wutsiya."

Ta rubuta misali: I was cooking when the phone rang. Ina cikin girki waya ta yi ƙara.

A makon nan iska ta katse wuta a rabin gari, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar me muke yi lokacin da wuta ta ɗauke. Adilson, wani ɗan Cape Verde mai aikin fenti, ya ce yana cikin barci.

"Kai ai kullum cikin barci kake," in ji wata 'yar Brazil daga baya, "ko wuta ta ɗauke ko ba ta ɗauke ba."

Aka yi dariya. Da aka zo kan Nerlande ta ba da amsa tsaf, babu ko tuntuɓe, Misis Medeiros ta sa aka tafa mata. Tun da muka fara ajin ban taɓa ganin ta yi farin ciki haka ba. A mota ta ce ta gano sirrin abin.

"Sè, amsar tana cikin tambayar. Ki ɗauko was, ki manna wa aikinki ing, sai ki ɗauko ƙarshen tambayar ki mayar wa mai ita. Shi ke nan. Kamar amshin waƙa."

Ta yi ta rera shi tana hawa bene, tana wanke kwanuka, tana yi wa Sabine kitso. Ta ce har Mista Jeri sai da ta dame shi da abin, ya ce in ta ƙara gaya masa abin da take yi lokacin da wani abu ya faru zai tsoma kansa cikin tukunya.

Abin da ya auku a gidan ban gani da idona ba. Daga bakinta na ji, na kuma ji shi sau da yawa.

Wata Talata ce da hantsi, dusar ƙanƙara ta fara narkewa, ko'ina ruwa. Tun safe tsohon yake mita wai injin yana ƙwanƙwasa, wani abu ya kwance. Ta ce masa za ta kira Maureen ta turo mai gyara. Ta zaunar da shi gaban talabijin, ta shiga kicin ta ɗora masa miya a wuta. Tana cikin juya miyar ta ji ƙara, ba ɗaya ba, a jere, kamar an saki buhun dankali daga sama.

Ta tarar da ƙofar a buɗe. Yana can ƙasa a kife, ƙafa ɗaya a kan matakala ta ƙarshe, fuskarsa cikin ruwan da ya tsattsafo ya kwanta a siminti. Ruwan bai kai tsawon yatsa ba, amma hancinsa da bakinsa suna ciki. An koya musu a wurin aiki kada a motsa wanda ya faɗi. Ta tuna da haka, ta kuma ga ruwan yana ƙananan kumfa a gefen bakinsa. Ta kama damtsensa da hannu biyu ta ja da iya ƙarfinta har ta fitar da kansa zuwa busasshen wuri. Mutum ne mai jiki. Sai da ta ja, ta huta, ta sake ja. Sannan ta kira motar asibiti.

Tare da ma'aikatan motar ɗan sanda ya zo, kamar yadda aka saba. Saurayi ne, in ji ta, mai ladabi, har kujera ya jawo mata. Ana fita da tsohon a kan gadon ɗauka, ita siket ɗinta a jiƙe, ya tsaya a gabanta ya ce:

"What were you doing when he fell?"

Duk maganar da aka yi a gidan tun zuwansu ba ta kama komai ba, sun yi mata sauri. Wannan ce jimla ta farko da ta gane daga farko har ƙarshe. Tambayar aji ce sak: me kike yi lokacin da ya faɗi? Kanta kuwa babu abin da ke ciki sai nauyin damtsen nan a hannunta. Bakinta ya yi abin da ya saba.

"I was pulling him when he fell."

Ya ɗago ya dube ta. Ya sake tambaya a hankali, jan shi take yi? Ta ce e, hannunsa, da ƙarfi sosai. Ta nuna masa da hannu biyu yadda ta ja. Ya rubuta. Ya yi mata godiya.

Da yamma ta sauko wurina ko kaya ba ta canza ba. Ta ba ni labarin da harshenmu tiryan-tiryan, miya, ƙara, ruwa, ja. Na ce ta yi abin da ya kamata, da ba ta ja shi ba da ya mutu a wurin. Na zuba mata shayin citta. Ta ce abu ɗaya da ta gode wa Allah a kai shi ne ta iya ba ɗan sanda amsa da Turanci, ba ta ji kunya ba.

"Me kika ce masa?"

Ta maimaita.

Na ajiye butar. Na ce ta sake faɗa. Ta sake.

"Sè Nerlande, kin san abin da kika ce?"

"Na ce na ja shi."

"A'a. Cewa kika yi kina cikin jan shi ya faɗi."

Ta zuba mini ido. Na ga leɓenta yana motsi, tana bin jimlar a zuci, dogon layi, gajeren layi. Na ga daidai lokacin da ta iso wurin. Kofin ya karkace a hannunta, shayi ya zuba mata a cinya, ba ta ko motsa ba.

Washegari kamfani ya kira, aka ce ta zauna a gida tukuna har a gama bincike. Ta kira Maureen don ta ji jikin tsohon. Maureen, wadda take kawo wa Sabine tsofaffin littattafan 'ya'yanta, ta ce mata da murya a sanyaye kada ta sake kiran wannan lamba. Daga baya muka ji ƙugunsa ya karye, jini ya taru a kansa, bai farka ba. Muka kuma ji likitoci sun ga shatin yatsu a damtsensa, baƙi ƙirin, hannu biyu. An miƙa maganar ga ofishin da ke binciken cin zalin tsofaffi.

Daga nan tsoro ya tare a hawa na uku. Ta daina cin abinci sai in na tsaya a kanta. Ta saki labule ba ta ƙara ɗagawa ba. Duk motar da ta rage gudu a titinmu sai in ji sawunta a saman kaina, daga kujera zuwa taga, ta tsaya, ta koma. Mai kawo wasiƙu ya danna ƙararrawa wata rana, na hau na same ta a banɗaki ta kulle kanta. A coci ana waƙa bakinta yana rufe. Turanci kuwa ta yanke shi gaba ɗaya. Ko mai kanti ya gaishe ta sai dai ta gyaɗa kai.

"Idan ya mutu fa?" Tambayar da take yi mini ke nan kullum. "Idan ya mutu, me sunan abin da na yi?"

Ni ma ina tsoro, ina dai ɓoyewa. Na san matan da aka mayar gida a kan abin da bai kai wannan ba.

Mutanen coci kowa da shawararsa. Masu cewa a yi azumi, masu cewa ta yi shiru abin zai wuce. Wani dattijo mai tuƙa tasi, Frè Dieudonne, wato Ɗan'uwa Dieudonne, ya ja ta gefe ya ce da shi ne a matsayinta da tuni ya yi arewa, akwai 'yan'uwa a Montreal ta ƙasar Kanada, in aka tashi da asuba kafin la'asar an kai iyaka. Fasto kuwa ya samo mata wata lauya daga ƙungiyar da ke taimakon baƙi. Lauyar ta ce a jira a kira ta, kada ta yi magana da kowa.

Jiran ne ya fi komai wuya. Wata safiya bayan Sabine ta tafi makaranta na ji ana jan abu mai nauyi a bene. Na buɗe ƙofa na ga Nerlande da akwatunan nan biyu da ta zo da su.

"Ina zuwa?"

"Idan ta dawo daga makaranta za mu wuce."

"Da Frè Dieudonne?"

Ta ci gaba da jan akwati.

"Sè, zauna."

"Ba zan zauna su zo su sa mini ankwa a gaban 'yata ba. Na ga yadda ake yi. Uwa ta nan, ɗa ta can. Ban ratso abin da na ratso da ita don a raba mu a nan ba."

"In kika tafi yau, gobe kowa zai ce kin aikata. Maureen za ta ce, kamfani zai ce, hukuma ta rubuta. Can ɗin ma da kike so ki je, sunanki zai riga ki isa."

"Ai na riga na ce na aikata. Da bakina."

"Bakinki ya yi kuskure. Ƙafarki kuma in ta yi nata, babu mai gyara shi."

Ta zauna a kan matakala ta kifa kai a gwiwa. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce in yi mata alkawari, in aka tafi da ita, Sabine ta sauko wurina, kada in bari a kai ta gidan wasu. Na yi mata. Muka mayar da akwatunan sama tare, amma ba ta kwance su ba. Suna nan bayan ƙofa a ɗaure har abin ya ƙare.

Da Misis Medeiros ta ga Asabar ta zo ta wuce babu mu, ta kira ni. Na gaya mata. Ranar Lahadi bayan coci sai ga ta da burodi mai zaƙi na mutanensu a hannu. Ta hau har sama tana haki, ta zauna a teburin kicin. Ta saurari labarin, ina fassara mata, ba ta katse ba.

"Abu na farko," in ji ta, "ranar da za su kira ki, ki ce a ba ki tafinta. Haƙƙinki ne. Ki ba da labarinki da harshen da kika yi tunani da shi a ranar."

Nerlande ta ce ta ji. Sannan ta ce, da harshenmu, in gaya wa malama tana so ta san yadda ya kamata ta faɗa tun farko. Ba don su ba, don kanta.

Misis Medeiros ta ɗauki ludayi ta kwantar a tebur, ta ce wannan miya ce a kan wuta. Ta ɗauki cokali ta gicciya a kansa, ta ce wannan faɗuwa. Sannan ta ɗauki cokali mai yatsu ta ajiye can gefe, bayan an wuce ludayin, ta ce wannan ja ne, shi kaɗai yake, ba ya taɓa kowa.

"I was heating the soup when he fell. Then I pulled him."

Ina cikin ɗumama miya ya faɗi. Bayan nan na ja shi.

Nerlande ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta sake gwadawa, ta kai tsakiya ta tsaya. Matar da ke rera wannan abu a bene kamar waƙa, yanzu kowace kalma sai ta dube ta gaba da baya kafin ta sake ta. Malama ba ta matsa mata ba. Ta yanka burodi ta tura mata, ta ce a bar shi haka.

Da kiran ya zo, ni na kai ta. Ofis ne a hawa na sama na wani gini kusa da kotu, kuma ganin kotun kaɗai ya sa ta riƙe hannuna har farcenta ya shige ni. An bar ni na zauna a kusurwa bisa sharaɗin ba zan yi magana ba. Akwai lauya, akwai tafinta, wani ɗan ƙasarmu mai tabarau, sai mai binciken, Misis Whitlock, doguwar mace wadda fuskarta ba ta nuna komai.

Misis Whitlock ta fara da karanto jimlar da ɗan sanda ya rubuta, ta tambaya ko ita ta faɗi haka. Nerlande ta ce ita ta faɗa.

Sai aka ce ta ba da labari daga safiya. Ta bayar, tafinta yana juyawa. Misis Whitlock ta yi ta mayar da ita baya. Ina take tsaye? Wace miya? Wane murhu, na gaba ko na baya? Ta kashe wutar kafin ta fita da gudu? Nerlande ta yi tunani ta ce ba ta tuna ta kashe ba. Matar ta duba wata takarda. Sai daga baya lauya ta gaya mana ma'aikatan motar asibiti sun rubuta cewa sun tarar da tukunya tana ƙauri, su suka kashe, kuma gaban rigar tsohon da gashinsa a jiƙe suke.

Sannan Misis Whitlock ta ce ta nuna mata yadda ta ja shi. Nerlande ta tashi, ta dubi ƙasa, ta durƙusa a kan kafet da rigarta ta zuwa coci. Ta miƙa hannu biyu ta kama abin da babu, ta ja baya da gwiwa, ta tsaya tana numfashi, ta sake ja. Tana yi tana magana, ba da mu ba, da shi. Tafinta ya fassara a hankali: "Tana cewa, Mista Jeri, ɗaga kanka, ɗaga kanka, don Allah."

Misis Whitlock ta ce ya isa. Ta tambaya me ya sa ta gaya wa ɗan sanda wani abu daban. Nerlande ta koma kujera ta ce a makon ne aka koya musu irin wannan jimla, ta ji tambayar ta ɗauka ta san amsar. Matar ta rubuta, ta rufe fayil, ta ce za a neme mu.

Ba a neme mu da wuri ba. Itatuwan titi suka yi toho, suka yi ganye, tana nan bayan labule. A cikin haka tsohon ya farka. Bai tuna faɗuwar ba, bai ma tuna ranar ba, yana kiran Maureen da sunan marigayiya matarsa. Abin da kawai yake ta nanatawa shi ne a je a duba injin, yana ƙwanƙwasa.

Lauya ce ta kira wata rana da azahar, muna tsince wake a kicin ɗina. An rufe maganar, ba a same ta da laifi ba, babu abin da zai hau sunanta. Na ɗauka za ta yi tsalle. Ta ajiye wayar, ta tashi ta shiga banɗaki ta yi amai, ta fito ta kwanta a doguwar kujerata, ba ta farka ba sai da Sabine ta dawo ta ci abinci ta yi aikin makaranta.

Kamfani ya ce ta dawo, akwai wata tsohuwa da ke buƙatar mai kula. Ta ce ta gode. Ta samu aiki a ɗakin wanki na wani otal a bakin babbar hanya, tana ninke zannuwan gado daga safe zuwa yamma, a tsaye, cikin zafi. Na ce mata aikin ya fi wahala. Ta ce zanen gado ba ya faɗuwa.

Da kaka ta koma aji, ta zauna a layin baya. Turancinta yanzu ya fi nawa tsabta, amma a hankali take yi. Kafin ta ba da amsa sai ta yi shiru, har wanda bai san ta ba ya zaci ba ta ji ba. Duk sabon zuwa a coci kuwa, kafin ta nuna masa inda ake sayen ayaba da kifi, sai ta koya masa yadda zai ce a kawo masa tafinta.

Maureen ba ta taɓa ba ta haƙuri ba. Sun haɗu sau ɗaya a babban kanti, wajen kayan lambu, ina tare da ita. Matar ta tsaya, fuskarta ta yi ja, ta ce, "Nelly." Ta ce an sayar da gidan, baban yana gidan kula da tsofaffi a garin da take, ta faɗi sunan wurin. Ta tsaya kamar akwai saura, sai kuma ta tura keken sayayyarta ta wuce. Nerlande ta bar kayan da ta ɗiba a nan, ta fita ta jira ni a mota.

Bayan wasu makonni ta ce in kai ta. Muka je wata Lahadi da rana. Ta daɗe a zaune cikin mota tana kallon ƙofar ginin, har na ce ko mu juya. Ta buɗe ta fita. Na jira.

Da ta dawo ta ɗaura bel ɗin kujera, ta ce ya rame, bai gane ta ba, ya ɗauka sabuwar ma'aikaciya ce. Gashinsa ya yi buzu-buzu, babu mai gyara masa yadda yake so, sai ta nemi mataji ta taje masa, ya rufe ido yana jin daɗi.

"Ke kaɗai da shi?" na tambaya.

"A'a. Nas ta so ta ba mu wuri, na ce ta tsaya. Na ce a bar ƙofa a buɗe."

Na tayar da mota muka kama hanyar gida.